Alƙalumma Uku A Adakar Malam: Rubutaccen Shirinmu Na Wannan Mako

  

Yau zan ɗan saki hanya. Na san kun saba ji na ina ta hayaniya a kan katin zaɓe, da kasafin ilimi, da matasan da suka gama bautar ƙasa suka dawo gida suna zaman jira. To yau babu ko ɗaya a ciki. Maganar alƙalami za mu yi, irin na da, mai shan tawada. Da na gaya wa wani abokina abin da zan yi magana a kai, sai ya ce, "Kai yanzu ana fama da kuɗin shinkafa za ka tara mutane ka yi musu zancen alƙalamin Turawa?" Na ce ya dai bari a ji tukuna. Idan an gama bai gamsu ba, kuɗin shayinsa na sati a wuyana.

Abin ya faro ne daminar bara waccan. Ɗakin kakata, wadda muke ce wa Hajiya, ya fara yoyo, aka ce a fitar da kaya a gyara rufin. Ni aka saka ɗaukar kayan, tunda a cewarta ni ne mijin da ba ya kawo cefane, sai in biya da ƙarfina. A ƙarƙashin gadonta muka jawo wata tsohuwar adaka ta kakana, Allah Ya jiƙansa. Malam muke ce masa. Ya yi aikin malamin haraji tun zamanin En'e, da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 ya koma can har ya yi ritaya. Ina firamare ya rasu. Abin da na riƙe nasa bai wuce ƙamshin turarensa da alewar da yake ba mu ranar Juma'a ba.

A cikin adakar akwai takardu, wasu gara ta ci rabinsu. Akwai wani daftari mai baƙin bango. Sai wata tsohuwar hula da aka naɗe abu a ciki. Ina warwarewa sai ga alƙalumma uku. Ɗaya baƙi mai murfin ƙarfe, maƙalinsa kamar kibiya. Ɗaya kore mai zane-zane kamar an kwaɓa fenti ba a gama juyawa ba, an rubuta Conway Stewart a jikinsa. Na ukun kuma ja ne, mara nauyi, mai suna Hero.

Bari in fara da abin kunyar, don shi ne ainihin dalilin shirin nan.

Koren nan shi ya fi ɗaukar idona. A gefensa akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ake ɗagawa da farce. Na ja, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, na ji wani abu ya yi ƙaras-ƙaras a ciki kamar an taka busasshen ganye. Maimakon in tsaya, sai na ce ai buɗe shi zan yi in ga abin da ya toshe. Na murɗa wuyan da hannu, bai motsa ba. Na je na ɗauko filaya. Jama'a, filaya fa, irin wadda ake gyaran keke da ita. Murɗa ɗaya, sai ji na yi ƙas! Gangar jikin ta tsage tun daga baki har kusan rabi. Garin neman gira na rasa ido.

Hajiya tana zaune a tabarma tana kallona. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓa, ta juya shi a hannunta, ta ce, "Da albashinsa na farko ya saye shi. Shekara ashirin yana kwance ba mai shi, bai fashe ba, sai da ɗan jami'a ya taɓa shi." Ta mayar cikin hular. Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Daren nan na shiga intanet ina neman yadda ake gyara abin da na ɓata. A nan na gane ashe duniya guda ce. Akwai mutane a Amurka, Ingila, Indiya, Japan, da ba su da aiki sai tara tsofaffin alƙalumma da farfaɗo da su. Akwai littattafai, akwai bidiyoyi a YouTube, akwai taruka da ake yi duk shekara a birane irin su Washinton da Landan, a baje alƙalumma a tebur kamar kasuwar ƙauye. Kuma kusan duk wanda ka saurara, gargaɗinsa na farko shi ne abubuwa biyun nan da na yi: kada ka tilasta ƙarfen gefe, kada ka kusanto da filaya.

To bari mu koma baya kaɗan, don wasunku ba su taɓa riƙe irin wannan alƙalami ba. Mu 'yan zamanin biro ne. Kun ma san daga ina kalmar biro ta zo? Sunan mutum ne. László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hangari, shi ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, daga baya ya yi hijira zuwa Ajantina ya ci gaba da aikin a can. Sai wani Bafaranshe, Marcel Bich, ya fito da Bic Cristal a 1950, wannan dai mai farin jiki kamar gilashi da muke tauna murfinsa a aji. Shi ya karya kasuwar alƙalamin tawada a hankali, saboda arha, ba ya zuba, in ya ƙare ka yar.

Kafin biro kuwa, duk mai rubutu matsalarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta. Ka fiƙe alƙalaminka na gamba, ka tsoma a kurtu, ka rubuta kalma biyu uku, ka sake tsomawa. Turawa ma haka suke yi da gashin tsuntsu, daga baya da bakin ƙarfe. Burin kowa shi ne a samu alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a cikinsa. Kuma burin nan tsoho ne. Alƙali Nu'uman ya kawo a littafinsa Al-Majalis wal Musayarat cewa halifan Faɗimiyya, Al-Mu'izz, a ƙarni na 10, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da ba zai ɓata masa hannu ko tufafi ba, aka kuma ƙera. Shi alƙalamin bai iso zamaninmu ba, labarinsa ne ya iso. A Turai, wani ɗan Romaniya mai suna Petrache Poenaru ya samu rajista a Faransa a 1827. Amma wanda aka fi jingina wa abin shi ne Lewis Waterman na birnin New York, a 1884.

Me Waterman ya gyara? Ku ɗauki jarkar ruwa ku kifa ta. Ruwan ba ya fita sumul, sai ya riƙa ɓul-ɓul, saboda dole iska ta shiga kafin ruwa ya fita. Haka alƙalumman farko suke: ko su ƙi rubutu, ko su amayo maka tawada a takarda. Dabarar ita ce a yi wani ɗan abu a ƙarƙashin bakin alƙalamin, ni ina ce masa magudana, mai siraran tsagu kamar gashi. Tawada tana bin tsagun nan tana gangarowa yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, iska kuma tana bin wata hanya tana hawa sama ta cike gurbin. Shi ke nan fa. Babu batir, babu inji. Duk alƙalamin tawada da ka gani, na ɗan makaranta ko na shugaban ƙasa, a kan wannan yake tafiya.

Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke shan tawadar. Koren da na fasa, a cikinsa akwai wata 'yar jakar roba, ni salka nake ce mata. In ka ɗaga ƙarfen gefe sai ya matse salkar, ka tsoma baki a kwalba ka saki, sai ta zuƙo. Walter Sheaffer, mai sayar da kayan ado a garin Fort Madison na jihar Iowa, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1908, sauran kamfanoni suka bi. To ita roba, in ta shekara talatin arba'in, bushewa take yi ta zama kamar ƙanzo. Ƙaras-ƙaras ɗin da na ji kenan. Da na sani, gyaran ba wuya: a ɗan hura wa wuyan iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi, ɗumin da yatsanka zai iya jurewa, a riƙe da guntun tiyub ɗin keke don kada ya zame, a jijjiga a hankali har ya fito. A kankare tsohuwar salka, a manna sabuwa da shalak, wani irin ƙaro da ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya, a barbaɗa mata hodar da ba turare, a mayar. Aikin rabin awa. Dalilin amfani da shalak kuwa, in ya ji ɗumi yana saki, don haka wanda zai gyara bayanka nan da shekara talatin zai iya buɗewa. In ka saka sufagulu, ka rufe ƙofa kenan har abada.

Na tambayi masu abin ko tsagewar za ta gyaru. Amsar dai ita ce ana iya liƙewa, amma wurin da ya fashe shi ne inda wuya ke shiga ya matse, ba zai ƙara riƙewa kamar da ba. Har yau yana cikin hular.

Saura baƙin. Wannan karon sai da na yi wata guda ina karatu kafin in taɓa shi. Parker 51 ne, ƙirar Ingila. Kuma labarin kamfanin ya burge ni, don da gyara ya fara. George Parker malamin koyar da aikin tangaraho ne a garin Janesville na jihar Wisconsin, yana sayar wa ɗalibansa alƙalumman wani kamfani don ƙarin kuɗin cefane. Kullum suna dawo masa da su suna zuba, shi kuma yana gyarawa, har ya ga ai gara ya ƙera nasa. Ya kafa kamfani a 1888. Shi 51 ɗin an kammala tsara shi a 1939, shekara ta 51 da kafa kamfanin, daga nan sunan ya fito, ya shiga kasuwa a 1941. Abin da ya sa ya fita daban, bakinsa a lulluɓe yake, ɗan tsinin kawai ake gani, kamar mai lulluɓi ta leƙo ido. Hakan yana hana tawada saurin bushewa. An sayar da miliyoyinsa, shi ya sa har yau ba wuyar samu yake ba, kuma kayan gyaransa suna nan.

Da na kwance gangar jikin sai na ga wani kwanson ƙarfe, an rubuta a jikinsa a danna sau huɗu. Wannan ya nuna mini irin wanda aka fara yi daga 1948 ne. Na yi sa'a, don salkar wannan samfurin ba robar da ke bushewa ba ce, wani irin filastik ne mai taurin rai, da yawansu har yau suna aiki da ta asali. Na danna a hankali, zuciyata na dukan uku-uku. Ta lotsa, ta dawo. Na ce Alhamdulillah.

Aikin da ya rage wanki ne. Ruwan sanyi a kofi, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, in zuƙa in fesar, in zuƙa in fesar. Ranar farko ko ɗigo bai shiga ba. Na jiƙa bakin ya kwana. Da safe na tarar ruwan kofin ya zama shuɗi mai duhu. Na tsaya ina kallonsa. Tawadar da Malam ya zuba da hannunsa ce, ta ƙarshe, ita ce take narkewa a kofin shayina. Ban san lokacin da na kira Hajiya ta zo ta gani ba. Ta leƙa, ta ce, "To, wannan karon ba filaya?" Na ce babu. Kwana shida na yi ina canza ruwa kafin ya fara fita fari.

Ku lura, na jiƙa wannan ne don na san da abin da aka yi jikinsa, wani filastik mai ƙarfi da ruwa ba ya yi wa komai. Ba kowane ake jiƙawa ba. Tsofaffin baƙaƙe na farkon ƙarni na 20 da ebonait aka yi su, wato roba da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri. In ka goga shi da yatsa ka sansana za ka ji warin taya. Ruwa da rana suna mayar da shi ruwan ƙasa. Akwai na selulod, masu kyawun launi, su kuma wuta suke kamawa kamar fetur, kada ka kuskura ka kai su kusa da kyandir ko risho. Akwai ma waɗanda aka yi da sinadarin madara, kuma kamfanonin Ingila irin su Conway Stewart sun yi amfani da shi sosai. Wannan in ya kwana a ruwa kumbura yake ya lalace. Sifirit, tina, fetur, ruwan zafi, duk a nesanta su da alƙalami. In ba ka san da me aka yi shi ba, wanke cikin kawai, ka bar wajen.

Da ya bushe na zuba masa Quink, tawadar Parker da suke yi tun 1931. Na ɗora a takarda, ya yi rubutu, amma yana karce kamar kaza na tono. Na tafi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwarmu, na ce, "Baba, don Allah aron gilashin idonka zan yi." Ya karɓi alƙalamin ya juya, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaron shago, lokacin ma'aikata na kawo wa maigidansa gyara tare da agogunansu. Ya saka gilashin ya duba, ya nuna mini. Bakin alƙalami a tsage yake gida biyu, kuma dole ɓangarorin su zauna daidai da juna. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka, da ido ba za ka gani ba. Da farcensa ya ɗan taɓa, ya duba, ya sake taɓawa. Minti biyu. Na gwada a bayan rasit, sai ga shi yana tafiya kamar an shafa wa takardar man shanu. Ya ƙi karɓar ko sisi. Da ni ne da na ɗauko sanfefa na goge bakin, in cinye ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri da ke tsinin, wanda shi ne ran alƙalamin gaba ɗaya.

Af, kafin in manta, don na san halinmu. Kada wanda ya ce zai zuba tawadar allo a irin wannan alƙalami. Na san akwai ta a gida, kuma kyauta ce. Amma tawadarmu ta zuge gawayi ce da ƙaro. A kan allo da alƙalamin kara ba ta da na biyu. A cikin siraran tsagun nan kuwa ƙaron zai bushe ya toshe su kamar siminti. Haka tawadar firinta, haka ta hatimi. Sai wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ta alƙalamin tawada ce. Sannan yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu, in ka bar shi a buɗe minti kaɗan bakin ya bushe. Da bazara, in tawadar ta yi ƙasa, iskar da ke ciki tana kumbura da zafi ta turo ta waje. Na ɓata farar shadda guda a wurin ɗaurin aure kafin in koyi ajiye shi tsaye, baki sama, kuma ba a cikin motar da aka rufe a rana ba.

Shi kuwa jan, Hero 616, ƙirar birnin Shanghai ne, kwaikwayon 51 ɗin ne ƙiri-ƙiri, har kibiyar. Wanki ɗaya ya tashi. Shi nake yawo da shi kullum, don in ya ɓata ba zan yi kuka ba. Kuma ni ban ɗauke shi jabu ba, tunda sunansa ya saka a jikinsa. Jabu shi ne wanda na saya daga baya, da zumuɗi ya kama ni. Wani ya tallata mini Montblanc a waya, wai na mahaifinsa ne, da farashin da ya kamata ya sa in yi shakka. Da ya iso, rubutun jikinsa da farce yake kankaruwa. Montblanc na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Wanda yake farawa, ni shawarata ya manta da shi. Kuma a sani, Parker sun sake fito da wani sabon 51 a 2021, murfinsa murɗawa ake yi. Na asali zarewa ake yi. Kada a sayar maka da sabo a kuɗin tsoho, ko a ce maka na zamanin Sardauna ne.

Yanzu ina da guda tara. Ban da kuɗin shiga gwanjon intanet ana yi da dala, don haka nawa duk a nan gida na same su: wurin masu kayan da a Kasuwar Kurmi, wurin 'yan gwangwan, da wasu da abokai suka tono a gidajensu suka ce in gwada. Akwai Pelikan na Jamus guda, mai zane kore da baƙi, wanda ake murɗa gindinsa ya zuƙi tawada kamar sirinji, dabarar da kamfanin ya fito da ita tun 1929. Akwai Sheaffer Snorkel na shekarun 1950, mai wani ɗan bututu da ke fitowa ta ƙarƙashin baki ya sha tawada. Wannan ko buɗe shi ban yi ba, cikinsa ya fi ƙarfina tukuna. Uku daga cikin taran ba su da baki. An cire an kai wa maƙeran zinare, saboda an ga an rubuta 14K ko 585 a jiki. Wannan abu yana ƙona mini rai. Zinaren da ke bakin yawancinsu bai kai giram guda ba. An kashe abin da zai yi wa jikanka aiki saboda kuɗin da ba zai kai ƙarshen mako ba.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ta fi gyaran wuya. Da labari ya bazu a gidanmu cewa alƙalamin Malam ya tashi, kuma bakinsa zinare ne, sai wata gwaggona ta bugo waya. Ta ce, "Ɗana, in abu ne mai kuɗi ai gado ne, ba naka ba ne kai kaɗai." Raina ya ɗan sosu, amma gaskiya ta faɗa. Adakar ba a taɓa raba ta ba, an bar ta wurin Hajiya ne kawai. Ni jika ne, mahaifina yana raye, ba ni da ko allura a ciki. Kuma na riga na fasa ɗaya a dukiyar da ba tawa ba. Na je wurin Baffa, babban wansu, na durƙusa na faɗa masa komai, har da filayar, na ce a faɗi abin da zan biya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya kira 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Aka yafe mini koren. Aka bar mini jan. Baƙin kuma aka ce ba za a sayar ba, ya zauna a gidan, ni ne mai kula da shi. Don haka duk wanda shirin nan ya sa zai je ya buɗe adakar gidansu, ya fara neman izini. Kada ka ɗauke a ɓoye ka ce ai ba wanda ya damu da shi.

Yanzu ga amsar abokina mai maganar shinkafa. Ni ban ce kowa ya je ya sayi alƙalami ba. Biro ya ishe ka cin jarrabawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne adakar. Mu da muke kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, kullum muna cewa an ɓoye mana tarihi, ba a koyar da shi a makaranta. Alhali wani tarihin yana ƙarƙashin gadon kakarka gara tana ci, wani kuma an sayar wa mai ƙosai tana naɗe wa yara na hamsin a ciki. A adakar Malam na ga rasiɗan haraji da jangali, na ga wasiƙu da ajami, na ga sunayen ƙauyukan da yanzu gari ya haɗiye su. Muna da wuraren adana irin waɗannan, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a can Kadunan, amma ba za su zo su leƙa ƙarƙashin gadon kowa ba. Ko hoto ka ɗauka da wayarka ka ajiye, ka yi wani abu. Sannan ga dattijon nan mai agogo, ba shi da yaron shago ko ɗaya. Ga kuma samarinmu a Farm Centre suna ɗaga abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta a cikin waya su mayar. Hannun da ke wannan aikin, gyaran alƙalami ko agogo wasa ne a wurinsa, kuma akwai masu biyan kuɗi a kansa. Ban ce sana'ar da za ta riƙe gida ba ce a garinmu yau, kada wani ya ajiye aikinsa ya ce ni na saka shi.

Saura daftarin nan mai baƙin bango da na ambata da farko. Rabin farko lissafi ne, bashin da ake bin sa da wanda yake bi, kowanne an ja masa layi alamar an biya. A can baya kuma ya rubuta haihuwar 'ya'yansa, kowa da rana da wata, na Musulunci da na Turawa, da sunan wanda ya raɗa masa suna. Ya ci gaba da jikoki. Na ga nawa, da shuɗiyar tawadar nan, ya rubuta "an haife shi ana ruwa". Bayan sunana akwai mutum huɗu, sai rubutun ya tsaya.

Ranar da na kai wa Hajiya alƙalamin yana aiki, na ɗauka za ta ce in rubuta sunanta ta gani. Sai ta ce in ɗauko daftarin. Ta gyara zama ta fara lissafo waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa, jikoki da tattaɓa-kunne, tana faɗa ina rubutawa. Ba ta san kwanan wata ba, sai dai ta ce wannan da azumi, wannan shekarar da aka yi ambaliya, wannan ana saura kwana uku Babbar Sallah. Na riƙa bugo wa iyayensu waya ina cike ranakun. Mun yi la'asar uku muna yi. Mutum talatin da ɗaya. Da muka gama ta karɓa ta duba, duk da ba ta karanta boko, ta ce rubutuna bai kai na mijinta kyau ba, kuma kada in kuskura in kai shi kusa da filaya.

Wanda ya tono wani a gidansu, ya ɗauki hotonsa da murfi da kuma ba murfi, da duk rubutun da ke jikinsa, ya turo mana, zan duba in faɗa masa abin da na sani. Kafin nan kada a ja komai, kada a murɗa komai. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma fagenmu, akwai maganar kuɗin makarantar jami'o'i da na yi muku alkawari. Shi kuma abokina ina jiran hukuncinsa a kan shayin nan.